Kwalbar da Na Ajiye Gaban Baffa

A shekarar da aka ba mu mulkin kai na haifi ɗana na fari, kuma a shekarar ce na kai ƙarar uwata. Jikokina in sun tambaye ni abin da na gani na wancan biki, sai in ce musu ban ga komai ba, ina ɗaki ina shan kunun kanwa. Ba ƙarya nake yi musu ba. Sauran labarin ne ban cika son faɗi ba, amma yau zan faɗe shi.

Gidanmu yana cikin tsohon gari a Birnin Kebbi, gidan malamai ne tun kaka da kakanni. Mahaifina ya rasu shekara biyu kafin nan, gida ya koma hannun wansa, wanda muke kira Baffa. Baffa mutum ne mai ƙarancin magana, in ya yi gyaran murya a zaure har kaji sai sun natsu. Mu 'ya'ya mata ma ba a bar mu a baya ba. Na sauke Alƙur'ani, na karanta littattafan tsarki da salla, kuma wallahi ina ji da kaina ƙwarai. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, an daɗe ana faɗi, ni dai sai da ya shaƙe ni na yarda.

Inna, wato mahaifiyata, ba 'yar gidan malamai ba ce. Daga wani ƙauye kusa da Augie mahaifina ya auro ta, mutanenta masunta ne da manoman shinkafa. A cikin ruwan fadama ta girma, tana dashe, tana wanki, tana kama ƙananan kifi da ƙwarya. Ta iya Fatiha da 'yan gajerun surori, iyakar karatunta ke nan. Matan gidanmu suna kiranta "'yar ruwa", tana dariya. Ni kam abin yana ci mini rai, kuma in zan faɗi gaskiya kunyar kaina nake ji, ba tata ba.

Ga shi ni ce 'yar fari. Inna ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, in za ta aike ni sai ta kalli bango ta ce, "Wani shi kawo man ruwa." Haka al'ada take, kuma Inna ta riƙe ta fiye da kowa, don kada a ce baƙauya ba ta san kunya ba. Na girma ban taɓa zama da ita mun yi hira ba.

Da cikina ya tsufa aka dawo da ni gida goyon ciki. Wurin Goggo na sauka, ƙanwar mahaifina, ita ce kuma ta karɓi haihuwar. Sai bayan na haihu aka mai da ni ɗakin Inna, don can ne akwai gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa a gasa mai jego. Safe da yamma Goggo tana fyaɗa mini tafasasshen ruwa da ganye ina ihu tana ce mini ragguwa. Sauran yini kuma ina kwance da jariri, ba aiki, ba salla, tunda jinin biƙi bai ɗauke ba. Mutum in ba shi da aiki idonsa ya kan yi yawa.

A gidanmu kowace mace a ɗakinta take salla. In an kira azahar sai ka ga kowa da butarta a bakin rariya, sannan a shige a saki asabari. Inna ma haka. Ta ɗauki buta, ta wanke fuska da hannu inda kowa zai gan ta, ta shigo, ta saki asabari, ta shimfiɗa tabarma. Sai ta zauna. Ta jingina da bango, ta zuba hannuwa a cinya, ta yi shiru kamar mai jiran a kira ta. In ta ƙiyasta lokacin da ake gama raka'a huɗu sai ta naɗe tabarmar ta fita.

Ranar farko na ce ai lokacinta ne na wata, don Inna ba ta wuce arba'in da kaɗan ba. Aka yi kwana bakwai, aka yi suna, aka watse. Kwana goma sha biyar. Kwana ashirin. Ni da na karanta na san babu hailar da take kai haka. Na ɗaga kai na dubi tasbaharta a jikin ƙusa, na ga har gizo-gizo ya yi saƙa a kanta.

Daga nan na fara gadinta. Ina rufe ido kamar mai barci, ina kallonta ta ƙasan gashin ido. Na lura ba ta iya zama ta gama tsince shinkafa ba ta tashi ta zagaya bayan ɗaki sau uku ba. In ta je kuma ta daɗe, ta dawo tana share zufa, fuskarta ta yi fari fat. Na lura tana wanke wasu tsummoki da kanta, ba ta shanya su a igiyar tsakar gida, sai can bayan rumbu. Na ce a raina, me ake ɓoyewa bayan rumbu? Mutanen ruwa dai an san su da 'yan tsatsube-tsatsubensu, da yanka wa ruwa kaza. Duk tsiyar da na ji ana yi mata tun ina yarinya sai ta dawo mini a matsayin shaida.

Wata rana ta kama ni ina kallonta. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Mai jego dai barci ya kamata shi yi." Na ce, "To." Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan.

Sannan ga wata mata da ke shigowa gidanmu, Kirista ce, mutuniyar ƙasar Filato. Mijinta ma'aikacin ɗakin shan magani ne, aiki ya kawo su Birnin Kebbi, ita kuma tana da keken ɗinki. Takan zo karɓar ɗinkin mata tunda ba mu fita. Doguwa ce, mai fara'a, Hausarta tana da wani lanƙwasa da yara ke kwaikwaya in ta juya baya. Da, ɗaki-ɗaki take bi. Yanzu sai na ga in ta shigo ɗakin Inna take dosa kai tsaye, kuma ba ƙyalle a hannun kowa. Su fita bayan ɗaki su yi ta ƙus-ƙus. Sau biyu na ga Inna ta yafa mayafi da hantsi ta ce za ta gaida mara lafiya, ta dawo tana ƙamshin man keken ɗinki.

To ku haɗa mini wannan. Mace ta bar salla, ta bar tasbaha, ba ta da aminiya sai Kirista. A wancan lokacin kuma gari cike yake da zance, kowa na faɗin abin da zai faru in Turawa sun tafi, wasu na cewa masu mishan suna sauri su kwashi abin da za su kwasa kafin a rufe musu ƙofa. Ban san gaskiyar wannan ba har yau, amma na saka shi cikin tukunyata ya dahu tare da sauran. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, ni na karanta wannan ma, bai hana ni komai ba.

Ranar da na cika kwana talatin da haihuwa, matar ta zo da la'asar. Ina kwance na juya musu baya. Na ji ta ce a hankali, "Yaya, ga ta. Da safe za ki yi, na farko. Ki rufe da kyau, kada kowa shi taɓa, zan zo in karɓa." Na waiga kaɗan na ga ta miƙa wa Inna wani abu a naɗe cikin tsumma. Inna ta yi maza ta cusa shi bayan jeren kwanoninta.

Ruwan Kiristoci! Abin da zuciyata ta ce ke nan. Na taɓa jin cewa da ruwa suke shigar da mutum addininsu. Na tuna mahaifina a kabari, na tuna sunan gidanmu, na tuna dangin mijina da abin da za su ce wa ɗana in ya girma. Allah ya sani ban tuna Inna ba.

Washegari da hantsi, Inna tana bayan rumbu wurin tsummokinta, na ɗaga kwanoni na ɗauko ƙunshin. Kwalba ce, na ji ta da nauyi, da ɗan ɗumi. Ban kwance ba, tsoro nake ji kada abin ya taɓa ni. Na saɓa ɗana a kafaɗa, na fita, ni da ko tsakar gida ba a so mai jego ta daɗe. Goggo ta hango ni ta ce, "Ke, lafiyarki? Ina za ki da ɗanyen jiki?" Na ce wurin Baffa. Ta biyo ni tana salati.

Baffa yana turakarsa a kan buzu, ya sallami masu karatun safe. Na durƙusa na zayyana masa komai, dalla-dalla, har da gizo-gizon tasbaha. Har yau in na tuna yadda bakina ya yi zaƙi a ranar sai in ji kamar in mari kaina. Da na gama na ajiye ƙunshin a gefen buzunsa.

Ya dubi ƙunshin. Sannan ya ce wa Goggo, "Kira man ita."

Inna ta zo ta tsuguna daga bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Tsakaninta da wan mijinta akwai kunya mai nauyi, shekara ashirin da wani abu ba su taɓa haɗa zance ya wuce gaisuwa ba. Matan gida kuwa sun taru a bayanta, kowa ta sami abin da za ta ɗauka kusa da turaka.

Baffa ya ce, "Baiwar Allah, an ce kin aje salla. Gaskiya ne?"

Ta ce, "Gaskiya ne, Malam."

Wata daga baya ta ce, "Innalillahi!"

"Tun yaushe?"

"Tun bayan ƙaramar salla."

Wata bakwai ke nan. Baffa ya ce, "Mi ya sa?" Inna ta sunkuyar da kai. Sai ya nuna ƙunshin ya ce, "Wanga fa?" Sai a lokacin ta gan shi. Wallahi ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Ta miƙa hannu ta ce, "Malam, don Allah, don Annabi, kada ka buɗe." Ni kuwa, tir da ni, na ji daɗi, na ce a raina ai ga shi nan asiri ya tonu.

Baffa ya kwance tsumman. Ya ɗaga kwalbar wajen hasken ƙofa. Ja ce, ja mai duhu kamar ruwan zoɓo da ya kwana, da wasu gudaji suna yawo a ciki. Murfin bai rufu sosai ba, ruwan ya ɗiga a yatsunsa, ya ɗiga a buzun da yake salla. Warin ya gaya wa kowa ko mene ne.

Fitsarin uwata ne na ɗauko na ajiye a gaban wan mijinta, a gaban matan gida duka.

Inna ta kife fuskarta a gwiwa, daga can ciki muryarta ta fito. Ta ce jini ne ya zo mata ya ƙi ɗaukewa, tare da fitsari yake zuwa, da zafi kamar ana zuba mata barkono. Ta ce, "Mu can gida an ce mace in ta ga jini ta ƙasa, ta aje salla sai ta yi tsarki. Ina ta jiran tsarkin, Malam, bai zo ba. Wa zan tambaya? Kai ne zan tambaya?" Ta ce matar mai ɗinki ce ta ga tsummokin ta matsa mata, ta ce mijinta zai aika da fitsarin a duba.

Baffa ya ajiye kwalbar a hankali. Bai goge hannunsa ba. Ya kori matan da ido, suka watse, ya bar ni da Goggo. Sannan ya juya fuskarsa ga bango, don ya sauƙaƙa wa Inna, ya ce, "Wanga ba haila ba ne. Jinin ciwo ne, ko kwana ɗaya bai hana ki salla ba. Ki wanke, ki ɗaura tsumma, ki yi alwala ki yi sallarki. In ya zubo kina ciki, ki ci gaba, Allah ya san da ke."

Inna ta ɗago ta ce, "Ko yanzu?"

Ya ce, "Ko yanzu."

Sai ta fashe da kuka, irin kukan da ban ji ta yi ba ko ranar da mahaifina ya rasu. Tana cewa, "Wata bakwai! Ashe a banza, ashe a banza!" Baffa ya juyo ya dube ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ke da kinka yi karatu, wanga babin ai kin karanta shi. Amfaninsa mi?" Na rasa inda zan sa kaina.

Da azahar Inna ta yi salla a gabana, a tsaye. Na juya na kalli bango.

Matar mai ɗinki ta zo da yamma karɓar kwalba, ta tarar da labari ya riga ta. Na tare ta a soro ina kame-kame. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Mai jego, ni ban san dokar sallarku ba, da na sani da na gaya mata. Abin da na sani, babba ba ya fitsarin jini a zauna a kai. Sau nawa na ce ta gaya miki, ta ce ke 'yar fari ce." Ta wuce ni ta shiga wurin Inna. Ba ta sake yi mini maganar ba, kuma ba ta sake yi mini dariya kamar da ba. Na cancanta.

Ita da mijinta ne suka tsaya har Baffa ya yarda aka sa Inna a mota zuwa babban asibiti a Sakkwato. Ita ta raka ta, tare da Goggo. Bayan mako biyu suka dawo. Goggo ta ce likita ya ce wani tsiro ne a cikin mafitsara, ciwon daji, kuma ya riga ya yi nisa, ba abin da wuƙa za ta yi. Ya tambayi Inna ko ta yi tsargiya tana yarinya. Inna ta ce wa bai yi ba? A ƙauyensu yaro in bai yi fitsarin jini ba ai sai a ce bai shiga ruwa ba. Likitan ya ce to ita ce ta kwanta a jikinta shekara da shekaru har ta haifar da wannan.

Inna ta roƙi Baffa ya bar ta ta tafi Argungu wurin ƙanenta. Ta ce ruwan can take so ta sha. Kowa ya san ba ruwa ba ne, idon matan gida ne ba ta iya ɗauka, duk da yanzu har rige-rigen yi mata wanki suke. Na riga na yi arba'in, na roƙi mijina, ya bar ni na bi ta da jariri a baya.

Gidan kawuna yana kusa da gulbi, ko'ina warin bandar kifi. Ana cikin yankan shinkafa. Matan unguwa suka riƙa zuwa dubiya, kuma a bakinsu na ji abin da ya tsinka mini zuciya. Wannan ta ce haka yayarta ta yi, waccan ta ce haka uwar mijinta ta yi ta fama har ta tafi. Wata tsohuwa ta ja ni gefe ta ce ita ma tana gani, shekara guda ke nan, kuma ita ma ta ajiye salla. Na zaunar da ita na faɗa mata abin da Baffa ya faɗa, na ce kuma ta sa 'ya'yanta su kai ta asibiti tun da sauran ƙarfi. Ita ce mace ta farko da na gaya wa. Daga ranar ban daina ba. Yanzu ina zaune a unguwar Badariya a Birnin Kebbi, na tsufa, an san ni, in na shiga gidan suna 'yan mata sai su fara taɓa juna, ga tsohuwa mai zancen fitsari ta zo. Su yi ta dariya, oho, in dai sun ji.

Wata huɗu Inna ta yi a Argungu. Ni ke wanke tsummokin, ni ke riƙe mata buta. Tana bin kowace salla da wata, tana rama na baya, da fari a tsaye, sannan a zaune, daga baya a kwance da ido. Ciwon yana murɗa ta har ta ciji zane, amma in ta ji kiran salla sai ta ce a tashe ta. Duk wannan zaman ba ta taɓa tayar da maganar kwalba ba. Ni ma na kasa. Kullum sai in ce gobe.

Wata ranar Laraba bayan la'asar, ina goge mata ƙafa, na ga ƙafar ta zama kamar sillen kara. Na san gobe ta kusa ƙare mini. Na ce, "Inna, ki yafe mini."

Ta lumshe ido har na zaci barci ya ɗauke ta. Sai ta ce, tana kallon rufin ɗaki, "Na yafe. Da ba a kai ni gaban Malam ba, da haka zan mutu ba salla. Wanga kam alheri anka yi man."

Na ji wani sanyi ya sauko mini, har na fara godiya. Ashe ba ta gama ba. Ta juyo da kanta a kan matashi, da ƙyar, ta dube ni.

Ta ce, "Amma kwana talatin muna ɗaki guda, ke da ni. Kina kallona, ina ganinki. Kullum ina cewa yau za ta tambaye ni. Ko sau ɗaya ba ki ce, Inna, mi ke damunki ba."

Ba ta jira amsata ba, ta ce in gyara mata matashi, wuyanta ya gaji. Na gyara. Ranar Asabar da hantsi ta rasu.